Da Hannun Hagu Nake Rubuta Wa 'Yata Aikin Gida

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku yanke min hukunci ku daure ku karanta har ƙarshe. Na san zagi zai zo, na ma riga ku, don babu sunan da ban kira kaina da shi ba a watannin nan. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min, ranar Litinin ake jiran amsarmu.

Ni matar aure ce a cikin birni, wajen Shahuci. 'Yata ta fari zan kira ta Ummi, tunda kowane gida akwai Ummi. Yanzu shekararta huɗu da rabi. Da ta cika uku muka fara maganar makaranta ni da babanta, muka je muka duba guda biyu. Ta farko tana wajen Ƙofar Na'isa. Muna shiga na ga yara zube a tabarma, wasu na cuɗa yumɓu, wasu na jera marafan kwalba, ga wake an shuka a gwangwanayen madara kowanne da sunan mai shi. Malamar ta ce su ba sa tilasta wa yaro rubutu sai hannunsa ya yi ƙwari, ba jarrabawa, ba aikin gida. Ummi ta saki hannuna ta nufi wajen yashi ko waiwaye babu. Ni kuwa a raina na ce, yashin da ke jibge a ƙofar gidanmu shi zan yi wa yarinya wanka in kawo ta ta tona a nan? Ta biyun a Mandawari take, bene ne, tun daga ƙasa kana jin yara suna rera ɗaya zuwa ɗari da Turanci. Yunifom a goge, kowa a kan benci, aikin gida kullum, ƙarshen zango a fitar da na ɗaya da na ƙarshe. Nan hankalina ya kwanta.

Zan faɗi dalilina ko da ba zai wanke ni ba. Na gama sakandare, amma in aka yi min Turanci sai na nemi mai fassara. Ranar da na je awon cikin Ummi wata ma'aikaciya ta miƙo min takarda in cike, na tsaya ina juya ta, ta ce da ƙarfi a gaban mata, "Hajiya, ba a je makaranta ba ne?" Aka yi dariya. Tun ranar na ƙudurta cewa abin da ke cikina ba zai taɓa tsayawa yana juya takarda a gaban kowa ba.

Maigidana ɗan gidan malamai ne, asalinsu Barno, kuma shi makarantar mai yashin ce ta yi masa. Ya kai maganar wajen mahaifinsa, Baba Malam, wanda gashinsa ya yi fari a koyar da allo. Baba ya ce, "Ni ko allo ba na ɗora wa yaro sai na ga ya iya zama don kansa. Ku ƙyale ta ta yi wasanta." Da muka dawo na ce, "Abban Ummi, zamani ya wuce nan. 'Ya'yan mutane na karatu, tamu tana gina ɗakin yashi?" Kwana huɗu ban ce masa komai ba sai gaisuwa. A na biyar ya ce, "Na ji. Zango ɗaya na ba ki. In na ga tana wahala zan cire ta in kai ta can, kuma ba za ki ce uffan ba." Na ce na yarda.

Ko sati biyu ba a yi ba wahalar ta bayyana. Shafi biyu na rubutu kullum, ga yarinyar da fensir ke zamewa daga hannunta. Wata rana bayan la'asar ta yi kuka har barci ya ɗauke ta a kan littafin, layi ɗaya kawai ta yi, babanta kuma ya kusa dawowa daga kasuwa, kuma abin da yake fara tambaya ke nan. In ya ga haka ai magana ta ƙare, shi da Baba sun yi gaskiya. Sai na zare fensirin na cike shafin. Na duba na ga ya yi kyau da yawa, kowa zai gane. Na goge, na mayar da fensirin hannun hagu. Ya fito a karkace, yana hawa yana sauka, sak rubutun yaro. Washegari littafin ya dawo da tauraro da jan biro, babanta ya ɗaga ta sama yana murna. Na ce yau kaɗai ne. Wa ya taɓa yin irin wannan sau ɗaya ya bari? Har gwanancewa na yi, ina juya harafi ɗaya da gangan, ina goge wani wuri don ya yi datti. Ita kuma na ce mata, "Wannan sirrinmu ne ni da ke, ko Abba ba a faɗa wa."

Ummi akwai hadda, duk abin da aka rera sai ta riƙe. Ga makin aikin gida, ga shi Antinsu ta farko, wato malamar ajinsu, riƙe musu hannu take yi a jarrabawa. Sai ga Ummi ta zo ta biyu. Ranar sallah, a gaban 'yan gidansu duka, maigidana ya ce, "Ni dai na ba Maman Ummi haƙuri, ta fi ni hangen nesa." Baba Malam ya karɓi littafin ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya yi albarka, bai ƙara komai ba. Yayar maigidana kuwa a watan ta cire ɗanta daga makarantar yashin ta kawo shi tamu. Ni ina zaune ana yabona, har da sunkuyar da kai irin na mai kunya.

Bana aka canza musu Anti. Ummi ta fara amai da safe in ta ga yunifom. Yarinyar da ke cika min gida da surutu ta koma sai a tambaye ta sau uku kafin ta amsa. Da can bangon ɗakina duk zanenta ne da gawayi, yanzu ko alli ta gani sai ta ɓoye hannu a baya. Rannan ina yi mata wanka na ga bayan yatsunta ya kumbura, da shatin rula. Na zari mayafi na tafi makarantar ina huci. Antin ba ta ko musa ba. Ta ciro littafin aikin gida ta buɗe a gabana ta ce, "Maman Ummi, dubi nan. Yarinyar da ta yi wannan a gida ce za ta zo aji ta ce ba ta iya rubuta lamba biyu ba? Taurin kai ne. Da ba ta iya ba wallahi ba zan taɓa ta ba, akwai waɗanda ba su iya ba, lallaɓa su nake yi." Jama'a, rubutuna ne a gabana. Da rubutuna ake kafa hujjar dukan 'yata. Kun san abin da na ce? Na ce, "To a dai riƙa sassautawa." Na juyo na sauko daga benen nan.

Kada ku ce ban gwada bari ba. Na bari sati guda. Littafin ya koma fanko sai 'yan zane-zane, makaranta ta aiko da takarda cewa Ummi ta lalace da wasa. Babanta, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya zaunar da ita ya daka mata tsawa, "Na san kin iya, na ga rubutunki da idona! Rainin hankali za ki fara?" Ta juyo tana kallona, ni kuma ina kallon ƙasa. Washegari na koma wa hannun hagu.

Ban ce makarantar ba ta da amfani ga kowa ba. Ɗan yayar maigidana ya girmi Ummi da kusan shekara, kuma yana ɗauka. Tawa ce lokacinta bai yi ba, kuma na gani tun sati na biyu, na rufe don kada a ce na faɗi. Yanzu shugabar makarantar ta kira mu ta ce sun gano matsalar: aikin nazare ya yi wa Ummi kaɗan shi ya sa take wasa a aji, don haka za su tsallakar da ita zuwa firamare ɗaya. Maigidana har ya sayo sabuwar jaka. Mutum ne da ke haƙuri da komai ban da ƙarya, ya sha faɗa min haka tun muna sabon aure. In na faɗa masa, ƙaryar shekara ɗaya da rabi ce, wadda ta sa ya ƙi maganar mahaifinsa, ya ba ni haƙuri a gaban jama'a, ya yi wa 'yarsa tsawa a kan laifin da ba nata ba. Ban san ko aurena zai ɗauki wannan ba. In kuma na yi shiru, Litinin za a kai ta ajin da rubutu ya ninka, da rular ta fi tsawo.

Jiya ina shafa mata man zafi a yatsu ta ɗago ta ce, "Mama, Anti ta ce in faɗi gaskiya wa yake yi min aikin gida, in na faɗa ba za ta dake ni ba." Gabana ya faɗi, kuma Allah ya sani ba don ita ya faɗi ba, don kaina ne. Na ce, "Me kika ce?" Ta ce, "Na ce ni ce. Ta dake ni, amma ban faɗa ba. Ai sirrinmu ne ko?" Tana murmushi, tana jira in ce mata ta kyauta.

Shekararta huɗu da rabi, ba ta iya rubuta sunanta ba, amma ta iya riƙe ƙarya, abin da na koya mata ke nan. Don girman Allah ku faɗa min, me zan yi?