Na Ga Mutumin da Ya Sayar da Hajara

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da iyalinka duka. Yaya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Jarwal a birni mai tsarki lafiya lau, alhamdu lillahi.

Yaya, na ga Ɗanlami, jagoran alhazan nan da ya sace ƙanwarmu Hajara a Sawakin, tashar jirgin ruwan Sudan, ya sayar. A Mina na gan shi yana yi wa alhazai dako. Na shaƙe wuyan rigarsa na ce, "Ina Hajara?" Ya ce, "Ya akhi, maktub ne. Haka aka rubuta mata."

Wani Bature Bayunane da na yi wa aikin kanti a Bur Sudan ya taɓa ce mini kakanninsu sun yarda wasu tsofaffin mata uku ne ke riƙe da ran mutum: ɗaya ta kaɗa zare, ɗaya ta auna, ɗaya ta yanke, ko gumakansu ba sa iya hanawa. Zancen jahiliyya ne. Amma ko kakannin nasu, in ji shi, ba sa barin maci amana ya fake da zaren. Na yarda da ƙaddara, Yaya, amma hannun Ɗanlami ne ya kai Hajara kasuwa.

Ihramin da ke jikina ya sa na sake shi. Na bi sawunsa, na ga gidansa a unguwar Utaibiyya. Zan maka shi gaban alƙali, kuma wallahi ba zai ƙara barci mai daɗi ba sai ya faɗi inda take.

Ku taya ni da addu'a. A gaida Baba Audu. Kada ka gaya wa Inna tukuna.

Ƙaninka,
Musa