Salansa Huɗu

Litinin, 9 ga Janairu

Yau na gama wa motar gwaji salansa huɗu. Bututu huɗu masu sheƙi a ƙarƙashin bamba, ba su haɗe da komai ba. To da me za su haɗu? Motar ba ta da inji, batir ne shimfiɗe daga gaba har baya. Tudun kan bonet ma soso ne, ni na yanka shi, muka lulluɓe da ledar nan mai zanen baƙi da fari. Aikin sashenmu ke nan, mu yi wa sabuwar mota shigar burtu kafin ta hau titi, don masu laɓewa da kyamara su ɗauki abin da kamfani yake so su ɗauka. Shekara goma sha ɗaya ina yi, ko a jikina.

Oga Haddad ya duba waldar, ya ce, "Dorota, ni kaina kin kusa ruɗa ni." Ya sa na fesa baƙin fenti a ciki kamar hayaƙi, na kuma saka siririyar wayar ɗumi a kowane bututu, kada ƙanƙara ta taru a ciki ta tona mu. Ni ce mai jona wayar kafin direba ya fita.

Alhamis, 12 ga Janairu

Hoton ya fita a intanet. Sun haɗiye ƙugiyar.

Asabar, 14 ga Janairu

Karyawa a shagon Stella, kamar kowace Asabar. Da na san abin da zan tarar da na yi zamana a gida. Baba ya buga hoton a takarda, ya shimfiɗa tsakanin kofuna, ya danne da kwalbar gishiri. Shi da Otis Bramlett, abokinsa tun suna ɗaura injina a layi ɗaya, kamar za su ci takardar.

Baba ya ce, "Huɗu ne, Otis, ƙirga da kanka in tabaran nan naka na aiki. Kuma dubi tudun bonet. Silinda takwas ya dawo."

Otis ya ce, "Kai dai Casimir, ko keken guragu ka gani da bututu sai ka ce takwas ne. Shida ne, an yi masa ƙari."

"Shida? Da wannan faɗin ƙugu? Dubi tayoyin baya!"

Suka yi ta yi, har da yawan ƙarfin injin, da ko fitilun za su dawo zagayayyu irin na da. Sai Otis ya juyo. "Ke 'yar gida, ba ki ce komai ba."

Baba ya tare shi. "Bar mini yarinya. Ta sa hannu a takardar kama baki, ba zan ci mata aiki ba." Ya faɗa da alfahari, har yana ɗaga kafaɗa. Na cusa pierogi, ɗan curin fulawar nan mai cushe, a baki don kada in yi magana.

Lahadi, 15 ga Janairu

Bayan coci Baba ya ja ni gareji. Ya ce zai sayar da Geneva.

Geneva! Motar da ya ɗauko Mama da ita daga coci ranar aurensu. Wadda muka sauke injinta ni da shi ina da shekara sha huɗu, a kanta na koyi walda. Ya ce garejin mota ɗaya yake ci, kuma yana so ya sa suna a layin sabuwar tun da wuri. "Shekara talatin da ɗaya ina ɗaura wa mutane injin silinda takwas, Dorota, ban taɓa fasa ledar sabuwa ba. Wannan ce ta ƙarshe da za a yi, jikina ya ba ni. Ina so in ji ƙararta kafin kunnen nan ya gama mutuwa."

Na ce, Baba ka jira mana a buɗe ta a hukumance. Ya ce kafin nan layi ya kai jihar Ohio, maƙwabciyarmu.

Laraba, 18 ga Janairu

An tara mu a ofis, an sake karanto mana takardar. Bara wani a sashen fitilu ya gaya wa surukinsa abu ɗaya tak, cikin kwana uku ya shiga intanet, cikin biyar masu gadi suka raka shi ƙofa da kwalinsa. Babu wanda ya sake ɗaukarsa a garin nan. In na gaya wa Baba, da azahar Otis ya sani, domin fuskar Baba ba ta iya ɓoye ko kati. In Otis ya sani, duk garinmu Hamtramck ya sani. Kuma kowa ya san 'yar wa ke aiki a can.

Juma'a, 20 ga Janairu

Na gwada ta bayan gida. Na ce, Baba, hotunan nan fa ba a cika yarda da su ba. Ya yi dariya ya ce, "Haka aka ce ki ce, na gane." Har da kashe mini ido. Duk abin da na faɗa sai ya zama hujja a wurinsa. In na yi shiru, takwas ne. In na musa, takwas ne sosai.

Asabar, 21 ga Janairu

Ban je shagon Stella ba. Na ce mura.

Baba ya kira duk da haka. An sami mai saye, wani daga garin Toledo, zai zo da tirela ranar Lahadi ta sama. Na ce ni zan saya. Ya ce, "Ki ajiye ta ina, a barandar hawa na uku? Ki bar ta ta je inda za a tuƙa ta." 

Haushinsa nake ji, in faɗi gaskiya. Tsoho da wayonsa, bututu huɗu sun juya masa kai. Sai in tuna hannun wa ya yi bututun. Kuma shi ya koya wa hannun.

Talata, 24 ga Janairu

Na tarar yana goge Geneva, wai a karɓe ta fes. Ya kwashe kayan aljihun gaba a leda: taswirar da ta yage, tabaran rana na Mama, da carbinta. Ban iya tsayawa ba, na ce na bar abu a wuta.

A hanya na tuna wasan da muke yi lokacin ina ƙarama. In ƙanƙara ta sauka, sai ya riƙe hannuna mu bi layinmu, ya ce in faɗa masa motar wa ta fita yau. Ba a duba gilashi, ba a duba taya. Bakin salansa ake dubawa. Wadda ta yi tafiya, bakinta baƙi ne, a narke. Wadda ta kwana a wurin, fari fat.

Ban san me ya kawo wannan tunanin ba.

Alhamis, 26 ga Janairu

Motar gwaji ta sake fita, tafiyar awa uku zuwa arewa, ƙanƙara kamar da bakin ƙwarya. Na bi takardar dubawa layi-layi: leda, soso, fenti. Na sa alama a kowanne. Na ci abincin rana a cikin motata.

Juma'a, 27 ga Janairu

Sabon hoto, daga baya aka ɗauka, a gidan mai. Oga Haddad ya kira ni ya juyo mini da allon. Dukkan huɗun cike da ƙanƙara har baki. Ya ce, "Me ya sami wayar?" Na ce ƙila jijjiga ce ta zare ta. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a sa mata maɗauri. Ya rubuta wani abu a fayil ɗina, ban tambayi me ba. 'Yan intanet ba su lura ba, suna can suna faɗa a kan fitilu.

Asabar, 28 ga Janairu

Shagon Stella. Sabuwar takarda a ƙarƙashin kwalbar gishiri. Otis yana ta zuba, wai yanzu ya yarda takwas ne, dubi yadda bayanta ya zauna. Baba ya zare ta daga ƙarƙashin kwalbar. Ya ɗaga takardar kusa da hanci, ya cire tabarau, ya mayar. Na ga yatsansa ya tsaya a kan bututun. Ya tambayi Otis ina aka ce an ɗauki hoton. Otis ya faɗa. Baba ya ce, "Awa uku ke nan daga nan."

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Otis ya ce, "Yau kuma kurma muka samu?" Baba ya ce kofin ne ya huce. Ko sau ɗaya bai dube ni ba. Ya tsufa a gabana cikin minti biyar, kuma ni na jawo.

Lahadi, 29 ga Janairu

Tirela ba ta zo ba. Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Tabaran Mama sun koma aljihun gaba.

Ya tada Geneva a gareji, ƙofa a buɗe, muka zauna ciki muna jin ta tana gurnani har cikin ƙirji. Can ya ce, idonsa a kan sitiyari, "Ko wane ne ya yi waldar bututun nan, hannunsa na da kyau. Sai dai yana da mantuwa."

Na ce haka ne, Baba, mutane suna mantuwa.

Ya ce, "Ki gaya masa kada ya sake. Aiki wuya gare shi yanzu." Sai ya taka mai har gilashin garejin ya yi kaɗawa, ya goge ido da bayan hannu, wai hayaƙi.

Jijjiga ce ta zare wayar. Haka na faɗa a ofis, haka zan rubuta a nan.