Injin faskare da gatarin Baba

Laraba, bayan isha'i.

Injin faskaren ya tashi yau, ya tsaga kututturen darbejiya uku ba gardama. Ashe wanda ya sayar mana baƙin mai ya ɗura masa maimakon man haidurolik, ya ɗaure tiyon da ke yoyo da robar keke. Na juye man, na canza tiyo.

Baba ya tsaya kaina, ya ɗaga gatarinsa. "Ɗan boko, wannan dai bai taɓa neman mai ba."

Na yi dariya. Amma mai gidan burodin Ɗambatta ya ce in bai ga itace ranar Asabar ba, zai nemi wani. Ina ganin za mu cika masa.

Na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin injin. Har yanzu ba ɗigo, sai dai na sake dubawa bayan asuba.