Kaset Uku Daga Ostireliya

Talata, 8 ga Fabrairu, 1983

Kaset na uku ya iso daga Mukhtari. Na rufe rumfata a kasuwar Boɗinga, na hau mota har gidan waya na Sakkwato, ina cewa wannan karon ƙanen nawa ya yi hankali. Ina! Kiɗa ne dai. Gwamnati ta tura shi Ostireliya ya koyo kiwon shanu, shi kuma ya koma bin makaɗa. A jikin kwalin ya rubuta: "Yaya, sababbi ne, ko a nan ba a san su ba tukuna."

Na kunna. Babu ganga, wani inji ne ke bugawa tik-tik-tik, ba ya gajiya, ba ya kuskure, sai wata mace da ke waƙa kamar an tashe ta daga barci. Minti biyu na kashe. Shekara tara ina sana'ar ɗaukar kaset, daga bugun farko nake sanin abin da zai sayu.

Alhamis, 10 ga Fabrairu

Inno, mahaifiyarmu, ta ji labarin na je gidan waya. Tun da idonta ya raunana, kunnenta ba ya barin komai ya wuce. Ta ce, "Auta ya yi magana?" Na ce kiɗa ne. Ta ce, "Ɗiyan mutane na aiko murya cikin kaset, shi ko sai kiɗi. Wata goma sha ɗaya ke nan." Ta ci gaba da ɓarar gujiya. Da ta yi kuka ma da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 7 ga Maris

Babu emti, wato kaset ɗin da ba a ɗauki komai a kai ba. Babu a Boɗinga, babu a Sakkwato. An hana shigo da kaya, wai tsuke bakin aljihu. Batir ma sai da roƙo. Mutum huɗu na mayar yau hannu banza.

Sai idona ya faɗa kan kaset ɗin Mukhtari guda uku, masu kyau, 'yan minti casa'in. Ya karye musu 'yan kunnuwan nan na sama don kada a ɗauki wani abu a kansu. Ni zai koya wa aiki? Na toshe ramukan da selotef. Biyu na cika su da kalangun biki, na ukun na sa wa'azin wani malami na Dingyaɗi. Matata Atika ta ce in bari ko don zumunci. Na ce zumunci ba ya shiga rikoda. Kafin la'asar duk sun tafi.

Asabar, 9 ga Afrilu

Wasiƙa daga Mukhtari. Na karanta a tsaye, sai da na nemi wurin zama.

"Yaya, shiru har yanzu. Ko Inno fushi take yi? Sau uku ina yi mata magana, a ƙarshen gefe na biyu na kowane kaset, bayan waƙoƙin. Ban rubuta a kwali ba don na san kai ba ka ajiye kaset sai ka ji ƙarshensa."

Wa ke sa gaisuwar uwarsa a bayan kiɗan inji? Wane irin mutum ne wannan? Boko ya gama da yaron nan.

Lahadi, 10 ga Afrilu

Ba laifinsa ba ne. To, rabi nasa ne.

Ban faɗa wa Inno ba. Atika ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai ajiye mini tuwo da ƙarfi. Na zauna ina lissafin zaren kaset. Na kalangun nan biyu har ƙarshe na cika su, sun tafi ke nan. Amma wa'azin gajere ne, malam ya shafa fatiha da sauran zare a gefe na biyu, na kashe rikoda ban bar shi ya ƙare ba. Mode tela na Shagari ne ya saya.

Laraba, 13 ga Afrilu

Shagari, cikin wannan rana. Mode na kan keke yana ɗinka tutocin jam'iyya, ko ɗago kai bai yi ba. "Kaset wanga? Ai ka cuce ni, Tukur. Malam na gama hwatiha sai kiɗin aljannu shi taso. Na ba surukina na Kajiji." Na ce me ke bayan kiɗan? Ya ce wa zai tsaya ya ji? Da ya fara suke kashewa.

Na so in zage shi. Da wane baki?

Asabar, 16 ga Afrilu

Kajiji a bayan babur, ƙuguna har yanzu bai dawo daidai ba. Surukin Mode ya tafi gona, na jira shi ƙarƙashin bishiyar bedi har azahar. Dattijo ne mai kirki, amma sai da muka yi gaisuwa ta kai ta kawo, ya tambayi Boɗinga gida-gida, ni kuwa idona na kan rikodarsa. Da na yi bayani ya ce, "Ashe mutum na ciki?" Ya miƙo mini, ya ƙi karɓar komai.

Ban iya jira ba, a gabansa na kunna. Fatiha, sai ƙara, sai injin nan tik-tik-tik. Minti uku na zauna ina jinsa. Ya tsaya. Sai tari, irin tarin Mukhtari in zai yi maganar kunya. "Salamu alaikum, Inno."

Dattijon ya tashi ya ce bari ya duba akuyarsa.

Lahadi, 17 ga Afrilu

Inno ta ji sau shida. Ta rungume rikoda a cinya, tana amsa masa gaisuwa kamar yana bakin ƙofa. Ya ce sanyi ya kusa shigowa can, lokacin da mu muke narkewa. Ya ce yana sallah a kan lokaci. Ya ce kewar furarta ta hana shi sakat. Sai kuma: "Maganar da na faɗa miki a kaset na farko, ina nan a kanta."

Ta sa na tsayar. "Wace magana ta?"

Na faɗa mata komai, har selotef ɗin. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, yau ma ba ta kira ba. "Kai wanga, wata biyu ina kwana da yaron ga a raina, ina cewa ya yada ni. Ashe kai kas saida shi kasuwa." Ba ta ɗaga murya ba. Na gwammace mari.

Talata, 19 ga Afrilu

Akwai guntun da ban rubuta ba shekaranjiya. Daf da zare zai ƙare ya ce: "Yaya, waƙoƙin naka ne. Yaran nan ba su da kamfani, a ɗakunansu suke ɗauka da rikoda biyu, kamar yadda kake yi a rumfa. Duk sanda na ji su, kai nake tunawa. Ni nake zaɓar maka su ɗaya-ɗaya." Sai kaset ya yi ƙas.

Na ce wa Inno zan cire mata muryar ita kaɗai, ba kiɗan. Ta ce kul. Wai abin da yake ji ke nan a ɗakinsa, ita ma za ta ji. Yanzu tsohuwa na ɓarar gujiya da kiɗan inji, maƙwabta na leƙe.

Mun ɗauki amsarta a kan wani tsohon kaset nawa, minti ashirin, rabi faɗa ne. Na haɗa da wasiƙa: ya maimaita maganar kaset na farko, kuma don Allah muryarsa daban, kiɗansa daban. Ban ba shi haƙuri sosai ba. Layi biyu.

Alhamis, 28 ga Yuli

Kaset biyu suka zo. Ɗaya an rubuta INNO, na kai mata, ta kore ni daga ɗakin kafin ta kunna. Ko mece ce maganar, tasu ce. Da na dawo na tarar tana dariya ita kaɗai.

Ɗayan an rubuta YAYA. Sababbi kuma, ƙungiyoyin makaɗa biyar. Har yanzu babu emti, wani direba ya zo neman kalangu na ce ya dawo wani satin. Na sauke labulen rumfa saboda lasifikar 'yan siyasa, na sa batir sabo. Injin dai shi ne, bai canja hali ba. Waƙa ta huɗu a gefe na farko, wadda wani yaro ke rerawa can ƙasa-ƙasa ana jin ƙofa na rufuwa a bayansa, na mayar da ita sau biyu don in ji inda suka ajiye makirfo. Aiki ne.

Na ji minti casa'in ɗin duka, har zare ya ƙare. Babu muryar kowa a ƙarshe. Na san da haka tun kafin in kunna, ni na ce ya raba.

Gobe zan sake ji, don in tabbata.