Allon da ke Gaban Kanya

Zuwa ga maigidana, Baban Auta, inuwata a tsakar rana, ruwan randata a zafin bazara, abin tinƙahona a cikin mata, mutumin da na shekara goma sha tara ban gaji da jin takunsa a ƙofar gida ba!

Sallama da gaisuwa daga zuciyar da ta kwana uku ba ta zauna wuri ɗaya ba. Na san za ka ce, muna gida ɗaya, muna ci a kwano ɗaya, me ya kawo wasiƙa? Bakina ne ya ƙi. Sau uku ina buɗe shi in yi maka magana, sai ka jefo barkwancin nan naka, in yi dariya, maganar ta koma ciki. Takarda kuwa ba ta dariya.

Maganar ranar Asabar ce, da muka je lambun itatuwan gida, ni da kai da Auta da mahaifiyarka Inna. Ka san hanyar lambun nan a shimfiɗe take, ba hawa ba gangara, ga benci a kowace kwana. Mata na tura keken jarirai a kanta. Inna, da sandarta da ciwon gwiwarta, ta zagaye ta tsaf tana yi wa masu gudu tsiya. Kai kuwa sau biyu ka yi tuntuɓe, ka ɗora wa takalmi laifi. Daga nan ka dafa kafaɗar Auta ba ka ƙara saki ba, ni kuma na ce a raina, kai, uba da 'yarsa!

Ya sanyin raina, akwai wurin da ya fi lambun nan daraja a wurina? A can na fara ganinka, kana tsugune kana rubuta sunayen itatuwa a alluna, koren fenti har a kunnenka. Mun zo yawon makaranta, ƙawayena suna kallon furanni, ni ina kallon hannunka yadda yake jan harafi ba ya rawa. Ranar na koma gida ban riƙe sunan itace ko ɗaya ba.

Shi ya sa raina ya yi fari ranar Asabar da na ga kana sunkuyawa a gaban kowane allo kana karanta wa Auta. Ga gawo, ga marke, ga ɗorawa, ga aduwa. Yarinya sai fahariya take, tana gaya wa baƙi cewa babanta ne ya rubuta. Har muka haye 'yar gadar katako, ka tsaya, ka sunkuya, ka sa yatsa a allon da ke bakin hanya. Ka ce, “Auta, ga tsamiya. Leƙa bayan allon nan, a nan na rubuta sunan uwarki tun ba ta san nawa ba.” Ta ruga ta leƙa, ta daɗe, sannan ta dawo ta ce, “Baba, babu komai a baya. Kuma ai kanya aka rubuta a gaba.”

Wayyo, maigida! Sabon allo ne fari fat, rubutun wani ne ba naka ba, kowane harafi ya kai faɗin tafin hannuna. A bayansa 'yar kanya ce da ba ta gama girma ba. Mai kula da lambun ya gaya mini daga baya cewa iska ta kayar da tsamiyar tun daminar bara waccan. Kai dai ka tuntsire da dariya ka ce gwada ta kake yi. Auta ta yi dariya, Inna ma ta yi. Ni ban yi ba, don labarin zuciya a tambayi fuska, kuma na ga taka kafin dariyar ta rufe ta. Ba karantawa kake yi ba tun daga ƙofar lambu. Hadda kake kawo mana.

Tun daga ranar komai yake dawo mini. Aikin allon shagon tela da ka mayar, ka ce mutumin ya cika surutu. Burusanka da suka bushe a gwangwani, kai da ba ka barin su kwana da fenti. Shayin da kake zubawa a gefen kofi. Keken da ka jingine, wai tafiyar ƙasa ta fi lafiya. Ni kuma ina nan kamar sakarai, ina goge tebur ina yi maka mitar ɓarna! Wata nawa ka yi kana ɗauke da wannan kai kaɗai? Wata nawa kana kallon fuskata ba ka ganinta sosai, ka kuma ce mini na yi kyau?

Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Ina kuma jin tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba ko a ɗakin haihuwa. Me kake gudu? Kana tsammanin hannun da ke jan harafi kaɗai na aura? Ko kana ganin ranar da ka ce “ba na gani,” ranar za ka ragu a idona? Haba, rabin raina! Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. In duhu ne ke zuwa, gidanmu zai shigo, ba kanka kaɗai ba.

Na je asibitin ido jiya, na karɓo mana kati na ranar Alhamis da safe. Ma'aikaciyar ta ce akwai irin ciwon idon da ake tsayarwa in an zo da wuri, akwai wanda jinkiri ke sa ya gama da idon. Ban san wanne ne naka ba, kai ma ba ka sani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina roƙonka don Allah, don Auta, don shekarun da muka yi, kada ka mayar da wannan ma abin wasa.

In an dace, za mu koma lambun nan ka ga kanyar da idonka. In kuma Allah ya ƙaddara akasin haka, kafaɗata ta fi ta Auta ƙwari, kuma ba ta zuwa makaranta da safe. Zan faɗa maka launin kowane fure, ba zan rage ba, ba zan ƙara ba.

Na rubuta wasiƙar nan da manyan haruffa, da baƙin alƙalami mai kauri, zan ajiye ta a kan teburin aikinka. In ka iya karantawa, ka same ni a tsakar gida ka ce mini za ka je. In ba ka iya ba, kada ka kai wa kowa, kada kuma ka ninke ta ka ce mini ta yi daɗi. Kawo mini ita, ka zauna kusa da ni, ka ce, “Karanta mini.” Ba na neman wata amsa bayan wannan.

Taka ce ni, kana gani ko ba ka gani, har ranar da za a rufe nawa idon.

Matarka.