Akuyar Yaya Hansai

Batsari,
8 ga Satumba.

Zuwa ga Mahfuza, Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Ummi da jariri. Ya jego, ya ruwan zafi? Ki gaishe mini da Baba da Inna. Nan lafiya lau, ruwa ya samu, dawa ta fi mutum tsawo. Na rubuto ne saboda a waya magana takan tsere mini.

Ƙaninki Armaya'u ya zo ranar Lahadi da maganar fim ɗin tsoro da zai ɗauka a Safana, irin wanda gawarwaki ke tashi suna bin mutane. Ya ce tunda ni komai sai na rubuta, in taimaka masa labarin ya yi kama da gaskiya. Ya roƙi littafina na shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye, na ba shi. Har yanzu ban san dalilina ba. Wataƙila daɗi na ji an ce rubutuna yana da amfani.

Ya tura mini fina-finai uku a waya. Na kalle su da biro a hannu, na fitar da kurakurai ashirin da bakwai. Mutum na gudun ransa amma ya kunna tocila. Yana ɓuya yana ƙwala wa abokinsa kira. An ji motsi a ɗaki, sai mace ɗaya ta tafi dubawa, ba ko taɓarya a hannunta. Gawa ta fito daga kabari da takalmi da agogo. Na ce masa tamu gawar a likkafani take, samanta itace da laka da ƙasa, ya fara gaya mini ta inda za ta fito. Ya yi dariya ya ce, "Yaya Almustapha, in mutanen fim suka yi hankali, minti goma an tashi." Ni dai abin da na sani, tsoro shi ne ka yi komai daidai kuma abin ya cim maka. Wawa haushi yake ba ni.

Jiya ya kawo labarin a rubuce. A shafi na goma sha ɗaya akwai wata mata, wai Mai Akuya. Kowa ya tsira, ita ta koma gida ɗauko akuyarta, gawarwaki suka cinye ta da igiya a hannu. A gefe ya rubuta cewa nan za a yi dariya.

Mahfuza, Yaya Hansai ce. Daga littafina ya ɗauko, inda na rubuta cewa an tsince ta a bakin gari da igiyar akuya a hannu. Abin da ke cin raina, ni ma shekara biyu ke nan ina zaton akuyar ta koma ɗaukowa. Ko da haka ne, ba za a yi wa yayata dariya ba. 'Ya'yanta uku suna nan gidan ubansu Sule, kuma abin da kowa zai kalla a waya su ma za su kalla. Na ce masa ya cire. Ya ce zai duba.

Ki shafa mini kan yara. Allah Ya ƙara lafiya.

Naki,
Almustapha


Safana,
15 ga Satumba.

Mahfuza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma murar Ummi ta sake ta. Saƙonki ya iso ta hannun direba, har da yajin, na gode. Na karanta inda kika ce in yi haƙuri, sana'a Armaya'u yake nema, kuma Baba ba ya son a ji kanmu. Sau uku na karanta. Ki saurari wannan tukuna.

Na zo Safana shekaranjiya. Armaya'u ya ɗauki mutum talatin daga cikin mutanenmu da suka yi gudun hijira nan, su za su fito a matsayin masu gudu. A cikinsu na ga Laraba, maƙwabciyar Yaya Hansai, wadda kika sani da dakan fura. Muka gaisa, na gaya mata abin da ke shafi na goma sha ɗaya. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba.

Ranar nan, bayan la'asar, da aka ji ƙarar babura, mata da yara wajen ashirin suka shiga dawar bayan gari suka kwanta. Masu goyo suka sa wa jarirai nono a baki. Sai ga akuyar nan, wadda Yaya ta raina da hannunta tun da uwar akuyar ta mutu, ta tumɓuke turke ta biyo sawu tana kuka. Aka kore ta, ta dawo. Aka toshe mata baki, ta fizge. Ba mai wuƙa. Baburan kuwa sun fara zagayowa. Yaya ta kwance goyonta ta miƙa wa Laraba, ta kama igiya, ta bi cikin gona har can gabas, nesa da su, ta fito fili akuya na kuka a bayanta. Baburan suka juya can.

Na tambaye ta me ya hana su faɗa. Ta ce, "Wa ya tambaye mu? Ku maza kun ga igiya kun gama shari'a."

Ban iya cin abincin rana ba. Ni da nake taƙama da rubuta komai, ban tambayi mace ko ɗaya ba.

Na samu Armaya'u na gaya masa duka. Ya ce Allah Ya jiƙanta, sannan ya ce 'yan kallo ba za su yarda macen ƙauye za ta yi wannan tunanin cikin tashin hankali ba, kuma fim ɗin yana buƙatar wurin dariya. Kin ji? Gawa mai tafiya hankali zai ɗauka, hankalin yayata ne ba zai ɗauka ba.

Nakan yi shakkar kaina a kan abubuwa da yawa, kin fi kowa sani. Ban da wannan. Ranar Laraba za su ɗauki wurin Mai Akuya, kuma ina nan ba inda zan je.

Ki gaida Inna.

Naki,
Almustapha


Safana,
18 ga Satumba.

Mahfuza, Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Ya kuke, ya jariri? Ina fatan kowa lafiya. Na san labari zai riga takardata zuwa, to ga yadda aka yi, bi da bi.

Da hantsi aka taru a unguwar da ke bakin gonaki. An sanar da mai unguwa don kada a firgita gari. Samari goma sha biyu aka shafa wa toka aka naɗe da fararen ƙyallaye. Armaya'u ya hau benci da lasifika ya yi wa mutanenmu bayani: da sun ga gawarwaki, su kwasa da ihu, su bi titi a dunƙule, suna tuntuɓe suna waiwaye.

Aka ce a fara. Gawarwaki suka ɓullo ta lungu.

Ba wanda ya yi ihu. Na ga mata sun cire takalma sun riƙe a hannu, kowace ta finciki yaron da ya fi kusa da ita, nata ko ba nata ba. Maza suka watse biyu-biyu. Na duba agogo, ba a cika minti ɗaya ba, titi ba kowa. Dawa ko motsi ba ta yi. Sai samari goma sha biyu tsaye cikin rana da toka a fuska suna kallon juna, ɗaya har yana tambaya ko su zauna.

Armaya'u ya yi ta kira a lasifika, ku fito an gama. Bai san cewa masu babura ma haka suke cewa ba. Mutanenmu ba sa fitowa sai sun ji muryar da suka sani. Muryata sun san ta. Wallahi ban shirya wannan da kowa ba, amma ba zan ɓoye miki ba, na bar shi ya yi minti ashirin yana kira kafin na buɗe baki.

Da suka fito ya hau faɗa. Laraba tana kaɗe ƙaiƙayi daga zanenta ta ce, "Ɗan nan, cewa ka yi mu gudu. Mu wannan gudun muka iya. In na titi kake so, ai waɗanda suka yi shi suna maƙabarta."

Sai aka zo wurin Mai Akuya. Ya kawo wata 'yar wasa daga Katsina, Rashida, amma akuyar da aka yi alkawari ba ta zo ba. Mai ita ya ce ta tafi kiwo. Aka shiga gida bakwai, duk akuyoyin sun tafi kiwo, har da waɗanda muke jin kukansu ta katanga. Laraba ta ce wa Armaya'u in aka ɗauki wurin nan ko a ina ne, gobe ba zai ga mutum ɗaya cikinsu ba. Rabin fim ɗinsa kuwa da fuskokinsu ya riga ya ɗauka.

Ya yage shafin a gabana ya cusa a aljihuna. Bai yarda da ni ba, kuma bai ce zai sa na gaskiyar ba. Dole ce ta sa shi. Ban gode masa ba. Ki gaya wa Baba ina girmama shi, amma ba zan ba Armaya'u haƙuri ba, ko da zai daina gaishe ni.

Sauran aiki ɗaya. Sule ya taɓa gaya mini babbar 'yar Yaya, Sa'adiyya, ta daina zuwa ɗibar ruwa saboda abin da yara ke ce mata game da uwarta, na ce masa su yi haƙuri. Gobe da safe zan ɗauki Laraba a babur zuwa Batsari. Ba ni zan faɗa musu ba. Ita ta karɓi goyon, daga bakinta za su ji.

Ki yi mana addu'a. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Almustapha