Dalilin da Ya Sa Ba Na Ɗaukar Wayarka

Zuwa ga ƙanin mijina, Kwafi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da ƙawata matarka da yara da jikoki baki ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga abin ƙi. Mu ma nan alhamdu lillahi, muna nan yadda Allah ya bar mu. Babbar 'yarka, 'yata ta fari, ta koma ɗakinta bayan ta zauna da ni har mijinta ya fara kiran waya safe da yamma, Auta kuma ta koma makaranta da kuka, sai da na kora ta. Ciwon sugana da sauƙi, ina shan magani a kan lokaci. Na san ka ga sunan da na rubuta a sama ka yi tsaki, don har gobe cewa kake yi a cikinku tagwayen nan kai ne na asali, ɗan'uwanka ne kwafin. To yanzu babu mai yi maka gardama, amma ni dai ba zan canza ba, haka ya koya min na kira ka tun ina amarya.

Ƙawata ta faɗa min ranka ya ɓaci da ni. Ta ce ka kira ni ba adadi ban ɗauka ba, har ka ce mata ƙila ina riƙe da kai ne saboda ba ka samu zuwa jana'iza ba. Haba Kwafi! Ni da na san nisan da ke tsakaninmu, na kuma san halin da ƙafarka take ciki? Wallahi ko sau ɗaya hakan bai zo min a rai ba. Na so na yi maka bayani ta waya na kasa, don wayar ce matsalar. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro, ka yi haƙuri da rubutun, idona ya rage gani.

Ka tuna kiran farko da ka yi min bayan rasuwar. Da safe ne, ina tsaye a kicin ina wanke kofi, na ɗauka ban ko duba lambar ba. Sai na ji sallamar mijina. Ita ce sak, har da ɗan gyaran muryar nan da kuke yi kafin ku fara magana. Kafin hankalina ya dawo bakina ya riga ya amsa, na tambaye shi yana ina. Da na tuna inda yake, sai na zauna a ƙasa kusa da bokiti. Kana ta yi min ta'aziyya, ni kuwa mijina nake ji yana yi min ta'aziyyar kansa. Duk shekarun nan ban taɓa ruɗewa da fuskokinku ba, ko lokacin da kuke haɗa baki ku gwada ni, amma a waya babu fuska. Duk da haka na daure, na ce zan saba. A kira na biyu ne ka tsaya a tsakiyar magana ka yi tari, busasshe, mai fitowa daga can ƙasa, ka ce ba komai ba ne, sanyi ne. Kalmomin da ya faɗa min ke nan, da muryar da ya faɗa min su. Na kashe wayar, kuma tun ranar idan na ga lambarka sai in bar wayar ta yi ta ƙara.

Ban taɓa ba ka labarin ciwon yadda ya kamata ba. Ka san aikinsa na ɗinkin katifa, kullum yana cikin ƙurar auduga, ya dawo gida gashin girarsa fari fat kamar wanda ya faɗa buhun gari. Tari kuwa ya zama abokin zamanmu shekara da shekaru, har na daina jin sa. Wannan sabon ne ya cuce mu. Da zazzaɓi ya shigo muka ce mura ce, ya sha magani ya fita shago, wai akwai katifar wata mata mai ciwon baya da ya yi alkawarin gamawa. Washegari ya fara dafe haƙarƙarinsa idan zai yi numfashi, yana rawar ɗari alhali rana tana dukan ɗakin. Na yi magana ya ce na cika tsoro. Abin da ya tayar min da hankali shi ne da na ga mutumin da ba ya gajiya da surutu ya kasa kai magana ɗaya ƙarshe sai ya huta. Na kira maƙwabcinmu direba muka kai shi asibiti, yana ta mita a mota wai mun bar shagon a buɗe. Likita ya ce ciwon huhu ne, nimoniya, ya kama ɓangarorin biyu. Suka sa masa abin numfashi a hanci, suka yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu sai godiya. Da la'asar ya cika, ina riƙe da ƙafarsa don hannayen duk allurai ne. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Akwai abin da ya faru kafin wannan, ko yaran ban faɗa wa ba. Watanni kafin ciwon, aka yi sanarwa a ƙaramin asibitin unguwarmu cewa an kawo allurar rigakafin ciwon huhu ta manya, masu shekaru da masu ciwo irin nawa su zo. Da ƙyar na ja shi muka tafi. Muka zauna a dogon bencin nan na baranda tun safe, yana ta ba tsofaffi dariya, yana taɓa katifar gadon awo yana cewa wanda ya ɗinka ta bai ji tsoron Allah ba. Da layi ya zo kanmu, nas ɗin ta leƙa akwatin sanyinta ta ce saura ta mutum ɗaya. Ta dube ni ta dube shi, ta ce mu duka muna bukata, ni saboda suga, shi saboda ƙirjinsa, mu zaɓa. Kafin na buɗe baki ya tura ni gaba, ya ce a yi wa uwar 'ya'yansa, shi ƙarfe ne, zai dawo idan an kawo wata. Na yi masa dariya a gaban mutane, na ce tsoro ne kawai, mutum ya ƙare rayuwarsa da basilla mai tsawon hannu amma 'yar allurar nas ta sa shi gumi. Bai musa ba. Ya riƙe min mayafi aka yi min, ya kawar da kai don ko kallo ba ya iya yi.

Na sha tambayar kaina ko so ne ya sa ya tura ni ko tsoron allura. Na zauna da shi tsawon da zan iya cewa duka biyun ne, kuma ban ga laifinsa a ko ɗaya ba. Mun koma, Kwafi, kada ka ce ba mu koma ba. Mun koma aka ce ba ta iso ba, muka sake komawa aka ce wata mai zuwa. A wani babban asibiti aka ce akwai, amma tafiyar yini ce, shi kuma ba ya rufe shago. Haka maganar ta bi ruwa. Bayan rasuwar na tare likitan a baranda na tambaye shi gaskiya tsakaninsa da Allah, da an yi masa allurar da ya tashi? Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, don ciwon iri-iri ne kuma allurar ba ta tare duka, amma tana hana da yawa daga cikin masu kisa, kuma mutum irin mijina shi ake fara nema da ita. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ni ce nake wanka kullum ina shafa damtsen nan na hagu, ina sane da cewa rabonsa ne a ciki. Sati biyu da suka wuce nas ɗin ta aiko a faɗa min an kawo da yawa, mai katifa ya zo. Ba ta ji labari ba, baiwar Allah.

Gidan ya yi min girma. Mutumin da ya gyara wa rabin unguwa wurin kwanciya, tamu katifar ta lotsa ta gefensa shekaru, kullum sai ya ce gobe zai buɗe ta ya ƙara auduga. Babbar 'yarka ta so ta saya min sabuwa na hana. Ramin yana nan daidai tsawonsa, ina shimfiɗa zanin gado a kai in ga ya faɗa ciki. Shagon na bar wa abokin aikinsa, shi ya ƙarasa katifar matar nan, ta zo har gida tana kuka. Basillarsa kawai na ɗauko, tana cikin kofinsa a kan taga. Wani lokaci ina jin haushinsa, in yi ta yi masa faɗa ni kaɗai a kicin, daga baya in ba shi haƙuri. Ina kewarsa ƙwarai, ba ni da wata kalmar da ta fi wannan.

Yanzu na zo kanka. Ƙawata ta ce asibitinku yana bakin titinku, daga tagarku ana hango ƙofarsa. Ta ce allurar tana nan a ajiye, sun aiko maka har gida, kai kuma kullum da uzurinka, yau ƙafa, gobe baƙi, jibi wai ka ji an ce tana sa hannu ciwo. Kai, Kwafi, ka ji kunya! Mu muka yi ta sintiri muna neman abin da ya zo ya same ka a ƙofa. Ciki ɗaya kuka kwanta, ƙirji iri ɗaya gare ku, taurin kai iri ɗaya, tsoron allura iri ɗaya, kuma ga shi har tarin ya zama ɗaya. Na ga inda wannan hanyar take kaiwa, na raka mutum har ƙarshenta. Ba na so ƙawata ta san abin da na sani. Ka fara kai tarin nan wurin likita ya saurari ƙirjinka, kada ka jira sai ka kasa kai magana ƙarshe. Idan ya ce lokacin allurar ya yi, ka miƙa hannu ka kawar da kai yadda ɗan'uwanka ya yi, ba wanda zai yi maka dariya sai ni.

Ga sharaɗina. Ba zan ɗauki wayarka ba sai ranar da ƙawata ta aiko min cewa an duba ka an kuma yi maka. Ranar ka kira ni tun kana bakin asibitin, ka yi min raki yadda kake so, ka ce hannunka zai cire, zan saurara har ka gaji. Ƙila in yi kuka, kada ka kashe, ka ci gaba da magana kawai.

Ka gaishe min da ƙawata da kyau, ka ce na gode da tona maka asiri. Ka gaishe da yaranka, Babban Yaya da iyalinsa, da malamar makaranta da mijinta, da takwarar Auta, da jikokin nan masu fasa maka tabarau. Babbar 'yarka da Auta suna gaishe ka, maƙwabcinmu direba ma ya ce in isar da tasa.

Na duba gidan nan kaf, Kwafi. Rigunansa suna nan, takalmansa suna bakin ƙofa, amma ba abin da ke magana a cikinsu. Muryarsa ce kaɗai ta rage a duniya, kuma a ƙirjinka take. Don Allah ka kula min da ita.

Wassalam. Ni ce matar yayanka, ko ka yarda shi ne yayan ko ba ka yarda ba.